Darasi na 14: Koya wa Yara Ƙwallon Tanis a Filin Daɓe

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana dalilin da ya sa ake rage wa yara fili da ƙwallo da raket;
2. auna filin yara ya shata shi da kayan da ke garinsu;
3. koyar da riƙo da tsayuwa da bugu huɗu na farko;
4. tsara horon awa ɗaya ga yara 12;
5. kiyaye lafiyar yara da amanar iyayensu.

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a gidan noma a ƙasar Gaya ko Ajingi zai iya tuna ranar da aka fara ba shi fartanya. Wurin maƙeri aka je, aka ce ya ƙera ƙarama mai gajeriyar ƙota, wadda ɗan shekara 7 zai ɗaga ya sauke har hantsi ya dubi ludayi bai sare ba. Da ita ya koyi bin kunya, ya koyi raba ciyawa da gero. Sai da ƙashinsa ya yi ƙwari sannan aka miƙa masa irin ta manya. Ƙira tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. Tarihin baka ya nuna cewa daga Gaya maƙeran nan Abagayawa suka tashi neman tama, har suka sauka a gindin Dutsen Dala.

Hikimar ƙaramar fartanya ita ce ginshiƙin koya wa yara tanis a duniya a yau. Ana rage fili, a rage gudun ƙwallo, a rage tsawon raket, har wasan ya zo daidai jikin yaro. Idan aka yi haka, yaro zai fara wasa tun ranar farko, kuma garin da ba shi da filin siminti zai iya farawa da abin da ke hannunsa.

An shirya darasin ne domin malamin firamare, da matashin da ke kula da ƙungiyar wasa ta unguwa, da uwa ko uban da ke son ɗansa ya sami abin yi mai amfani. Ba sharaɗi ba ne sai mutum ya taɓa zama ɗan wasa. Richard Williams, mahaifin Venus da Serena Williams, daga littattafai da kaset-kaset na bidiyo ya koyi wasan, ya horar da 'ya'yansa a filayen gwamnati na garin Compton a Amurka. Serena ta zo ta ci manyan kofunan duniya 23 ita kaɗai.

Sashe na 1: Wasan a taƙaice

Tanis wasa ne na mutum 2 ko 4. Raga ta raba fili biyu, kowane ɓangare yana buga ƙwallo da raket ta tsallake raga ta faɗa cikin shatar abokin karawa. An yarda ƙwallo ta dira sau ɗaya kafin a mayar da ita. Wanda ya bar ta ta dira sau biyu, ko ya buga ta cikin raga, ko ya fitar da ita waje, ya ba abokin karawarsa maki.

A Ingila wasan ya sami siffar da muka sani, kuma an fara gasar Wimbledon a 1877. 'Yan Najeriya sun taka rawa a cikinsa. Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983. A gasar Olamfik ta 1988 a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, shi da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi suka wakilci ƙasar nan. A birnin Kano kuma an daɗe ana gasar da ake kira Dala Hard Court, wadda ke tara zaratan 'yan wasa maza da mata daga sassan Najeriya.

Filin manya yana da tsawon mita 23.77. Faɗinsa mita 8.23 ne idan mutum 2 ke wasa, mita 10.97 idan mutum 4 ne. Tsayin raga a tsakiya santimita 91.4. Ka riƙe waɗannan alƙaluma, domin su za su nuna maka matsalar yaro.

Sashe na 2: Dalilin rage wasan

Akwai gwajin da ake yi wa ƙwallon manya. Ana sakinta daga tsayin santimita 254 a kan siminti, dole ta yi tsalle tsakanin santimita 135 da 147. Ɗan shekara 7 kuwa yawanci bai kai santimita 130 ba. Ke nan ƙwallon za ta riƙa wuce kansa. Wurin da ya dace a bugi ƙwallo shi ne tsakanin ƙugu da ƙirji. Yaron da kullum yake miƙa hannu sama yana kamun ƙwallo zai saba da karkataccen riƙo, kuma gyaransa daga baya ya fi koyar da sabon ɗalibi wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma idan aka tanƙwara shi ta inda bai dace ba, a haka zai bushe.

Saboda wannan ne Hukumar Tanis ta Duniya, wato ITF, ta ƙaddamar da wani shiri a 2007 na sauƙaƙa wa masu koyo. Daga 2012 kuma ta kafa doka cewa gasar yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa ba za a yi ta da ƙwallon manya ba. An kasa koyo mataki uku, kowanne da launin ƙwallonsa:

Matakin ja: na 'yan shekara 5 zuwa 8. An rage gudun ƙwallon da kimanin kashi 75 cikin 100. Tsawon fili mita 11, faɗi mita 5 zuwa 6, raga santimita 80. Raket bai wuce inci 23 ba.

Matakin ruwan goro: na 'yan shekara 8 zuwa 10. An rage gudu da rabi. Tsawon fili mita 18, faɗi kimanin mita 6.5. Raket inci 23 zuwa 25.

Matakin kore: na 'yan shekara 9 zuwa 10 da waɗanda suka ɗan haura. An rage gudu da kashi 25 cikin 100. Ana wasa a cikakken fili, da raket inci 25 zuwa 26. Raket ɗin manya inci 27 ne.

Shekarun nan jagora ne kawai. Ɗan shekara 12 da bai taɓa riƙe raket ba, daga matakin ja zai fara, sai dai zai wuce da sauri. Abin da ke ɗaga yaro zuwa mataki na gaba shi ne iyawarsa: ya buga sabis ya shiga, ya yi musayar ƙwallo sau 15 zuwa 20 ba yankewa, ya ƙirga makinsa da kansa.

Sashe na 3: Fili da kayan aiki

Ƙasar wannan yanki tana da rairayi da yawa, ƙwallo kuwa ba ta tsalle a kan rairayi. Maganin wannan yana cikin gidajenmu tun kaka da kakanni, wato daɓe. Filin matakin ja bai fi tsakar gida mai yalwa ba, kuma tsofaffin matan da suka daɓe ɗakunan amare sun fi kowa sanin yadda za a yi shi. A nemi shawararsu.

Ga yadda aikin yake. A sami wuri a harabar makaranta ko filin unguwa, bayan an nemi izinin shugaban makaranta ko mai unguwa. A share, a tumɓuke tsidau da ƙarangiya tun daga saiwa. A baje ƙasa, a ɗan karkata ta gefe guda kaɗan don ruwan damina ya sami hanya. A kawo jar ƙasa da marmara a shimfiɗa, a yayyafa ruwa, a bi da madaɓi har ta kwanta lif. Idan an sami makuba a yayyafa, za ta ƙara mata ƙarfi. Kada wani ya raina filin ƙasa. Gasar Faransa, ɗaya daga cikin manyan gasa huɗu na duniya, a kan garin jan bulo ake buga ta, kuma a kansa Rafael Nadal na ƙasar Sifen ya ɗauki kofin sau 14.

Wajen shata fili, a sa tsawonsa ya miƙe kudu da arewa, domin kada ranar la'asar ta cika idon ɗaya daga cikin yaran. A auna mita 11 da mita 5.5, a bar sararin mita 2 ko fiye a kowane gefe. Domin kusurwa ta tsaya daidai, a yi dabarar magina: a auna mita 3 ta wannan gefe, mita 4 ta wancan, idan tsakanin bakunansu ya zama mita 5 cif, kusurwa ta yi. A ja layi da toka ko farar ƙasa.

Raga ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. A kafa sanduna biyu, a ɗaura igiya a tsayin santimita 80, a rataya tsohon gidan sauro ko guntun ragar masunta irin ta bakin kogin Wudil. Idan babu, a ɗaura tsummoki a jikin igiyar don ido ya gan ta.

Raket ɗin yara yana da tsada kuma sai an shiga birni. Kafin a samu, kafinta zai iya yanka faifan katako mara nauyi mai mariƙi, tsawonsa duka kimanin santimita 40, a goge bakinsa, a naɗe mariƙin da robar tayar keke. Idan an sami raket na gaske, ga yadda ake gwada shi: yaro ya tsaya ya saki hannu ƙasa yana riƙe da shi. Idan kan raket ɗin yana jan ƙasa har sai ya lanƙwasa gwiwar hannu, ya yi masa tsawo.

Ƙwallo ita ce abin da ya fi cancanta a kashe wa kuɗi. Idan ba a sami jar ƙwallo ba, a nemi tsofaffin ƙwallayen manya da suka saki iska, ko a huda su da basilla. Sannan a yi musu gwajin nan. A auna inci 100 a jikin bangon aji da tef ɗin tela, a saki ƙwallo daga nan a kan siminti. Wadda tsallenta ya tsaya wajen mita ɗaya ta dace da matakin ja. Wadda ta kai santimita 105 zuwa 120 ta matakin ruwan goro ce.

Akwai kuma malamin da ba ya gajiya, wato bango. A zaɓi bangon siminti mara taga, a ja layi da gawayi a tsayin santimita 80, yaro ya riƙa buga ƙwallo saman layin tana dawo masa. Frances Tiafoe, wanda iyayensa suka yi ƙaura daga Saliyo zuwa Amurka, ɗan tsohon mai kula da wata cibiyar tanis ne a jihar Maryland. Yana ƙarami ya sha buga ƙwallo da bangon wurin aikin mahaifinsa. A 2022 ya doke Nadal, ya kai wasan kusa da na ƙarshe a babbar gasar Amurka.

Sashe na 4: Matakan koyarwa

Mataki na farko: sabo da ƙwallo. A ajiye raket tukuna. Yara su tsaya bibbiyu, wannan ya jefa daga ƙasa, ƙwallo ta dira sau ɗaya, wancan ya cafe da hannu biyu a daidai ƙugu. Daga nan a cafe da hannu ɗaya, sannan a jefa dama da hagu don mai cafewa ya motsa ƙafa. Yaranmu ba baƙi ba ne a nan. Yarinyar da ta iya carafke ta riga ta haɗa ido da hannu, yaron da ya iya langa ya riga ya san tsayuwa a ƙafa ɗaya ba tangaɗi. Ka sa waɗannan wasanni cikin ɗumama jiki, ka gaya musu cewa rabin tanis suna da shi tun daga dandali.

Mataki na biyu: sabo da raket. Yaro ya ɗora ƙwallo a kan raket ya yi tafiya da ita kamar mai talla da faranti, kada ta faɗo. Sai ya riƙa buga ta sama kaɗan-kaɗan yana ƙirgawa, sannan ya buga ta ƙasa. Bayan haka yara biyu su riƙa mirgina wa juna ƙwallo a ƙasa da raket, suna tare ta a gefen jiki. Wannan mirginawa ita ce ke koya wa yaro juya kafaɗa ba tare da an yi masa dogon bayani ba.

Mataki na uku: riƙo da tsayuwa. Riƙo biyu sun ishi mai koyo. Na farko riƙon musabaha: ka miƙa wa yaro mariƙin raket, fuskar raket tana tsaye, ka ce, "Gaisa da shi." Yadda ya kama shi ne riƙon bugun tafi. Na biyu riƙon guduma: ya kama kamar zai kafa ƙusa da gefen raket. Da shi ake sabis da tarba. Kada ya damƙe da ƙarfi. Riƙon ɗan tsako ake so, wanda ba zai kuɓuce ba kuma ba za a matse shi ba. Tsayuwar shiri kuwa: ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, nauyi a kan yatsun ƙafa, raket a gaban ciki. Duk lokacin da abokin wasa zai bugo ƙwallo, yaro ya yi ɗan tsalle kaɗan ya dira, don ya tashi da sauri ta kowane gefe.

Mataki na huɗu: bugun tafi da bugun baya. Bugun tafi shi ne wanda tafin hannu ke duban raga. A koyar da shi da kalmomi huɗu: juya, taka, buga, raka. Ya juya kafaɗa gefe, ya taka gaba da ƙafar da ke kusa da raga, ya bugi ƙwallo a gabansa kaɗan, ya raka ta da raket har saman ɗaya kafaɗar. Raket daga ƙasa yake tasowa ya ƙare a sama, kamar mai ɗebo hatsi da ƙwarya yana zubawa a kan amalanke. Bugun baya shi ne na ɗaya gefen, kuma yara da hannu biyu suke yinsa, hannun da aka fi amfani da shi a ƙasan mariƙi, ɗayan a samansa. Kalmomin nan huɗu ba sa canjawa. Idan yaro yana saurin kai bugu ko yana makara, ka sa ya ce "dira" da ƙarfi lokacin da ƙwallo ta taɓa ƙasa, ya ce "buga" lokacin da ta taɓa raket. Bakinsa zai daidaita idonsa.

A nan za ka gamu da bahagon yaro. A wajen cin abinci da gaisuwa, tarbiyyarmu ta dama ce, kuma wannan yana nan daram. A fili kuwa ka bar shi da hagunsa. Masu kallon dambe sun san yadda bahago ke rikita abokin karawa. Haka abin yake a tanis, kuma Nadal da hagu ya riƙa buga wasansa.

Mataki na biyar: sabis da tarba. Sabis shi ne bugun da ake buɗe wasa da shi. Mai koyo ya fara da na ƙasa: ya saki ƙwallo ya buge ta ta tsallake raga. Da wannan zai shiga wasa tun makon farko. Na sama kuwa ɗan'uwan jifa ne. Ka sa yara su riƙa jifa da ƙwallo sama da nisa, kamar masu kaɗo mangwaro. Sannan su koyi ɗaga ƙwallo da ɗaya hannun, a miƙe, ta wuce tsayin raket kaɗan. Daga ƙarshe a haɗa biyun. Tarba ita ce bugun ƙwallo kusa da raga kafin ta dira. Ba a ɗaga hannu baya a nan. Raket a gaba, a taka, a tare ƙwallo kamar an sa mata bango.

Mataki na shida: ƙirga maki. Masu koyo su ƙirga 1, 2, 3 har 7, wanda ya riga kai wa ya ci. Idan sun saba, sai a koya musu ƙirgar manya: makin farko 15, na biyu 30, na uku 40, na huɗu ya ci abin da ake kira gem. Idan aka yi kunnen doki a 40, sai wanda ya ci maki biyu a jere. Wanda ya ci gem 6 da ratar 2 ya ɗauki turmi. A yawancin wasanni yara su ne alƙalan kansu. Ƙwallon da ta taɓa layi tana ciki, kuma idan yaro yana shakka, makin na abokin karawarsa ne. Ka tsaya a kan wannan ƙa'ida tun farko. Yaron da ya saba faɗin gaskiya a kan makin da yake so ƙwarai ya sami abin da zai amfane shi a kasuwa da gona da ofis.

Sashe na 5: Tsarin horon awa ɗaya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jera yara layi guda, koci yana jefa wa kowa ƙwallo ɗaya-ɗaya. Mu yi lissafi. Idan yara 12 ne, kowanne yana cin daƙiƙa 10, sai bayan minti 2 layi zai dawo kan yaro. A awa ɗaya bugu 30 kawai zai yi, sauran lokacin yana tsaye yana tsokanar na gabansa. Idan kuwa aka raba su bibbiyu, wannan na jefawa wancan na bugawa suna canji, kowanne zai yi bugu ɗaruruwa. Ga tsari:

Minti 10: ɗumama jiki da gudu kaɗan, langa, jifa da cafewa.
Minti 15: dabara ɗaya tak ta ranar. Ka nuna sau uku a hankali, ka yi magana kaɗan. Gani ya kori ji.
Minti 20: ba-ni-in-ba-ka. Yara biyu suna haɗa kai su ga sau nawa za su yi musaya ba yankewa. Jiya sun yi 4, yau suna neman 6. Wasu a fili, wasu a bango, ana juyawa.
Minti 10: gajerun wasanni zuwa maki 7, ana canja abokan karawa.
Minti 5: a tattara kaya, a sha ruwa, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya koya, a yi addu'a a tashi.

Wajen gyara, ka fara da abin da yaro ya yi daidai, sannan ka ba shi gyara ɗaya. "Madalla ɗana, ka juya da kyau. Yanzu raka ta har kafaɗa." Idan ƙwallonsa tana yawan faɗawa raga, raket ɗinsa daga sama yake saukowa, ya fara daga ƙasa. Idan tana tashi sama sosai, fuskar raket ta kalli sama. A gyara riƙo. Idan tana yawan cin jikinsa, ƙafa ce ba ta motsi. A koma jifa da cafewa. Idan yara da yawa sun kasa abu guda, aikin ne ya yi musu girma: ka matso da su kusa da raga, ko ka yarda ƙwallo ta dira sau biyu. Bulala da tsawa ba su da gurbi a fili. Hannun da ke rawar tsoro ba ya riƙe raket daidai.

Sashe na 6: Lafiya da amana

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan kai maki 40 a ma'aunin zafi. Horo sai da sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, kuma a tashi kafin kiran magariba. A ajiye tulu ko jarka a inuwar darbejiya, yara su sha ruwa duk bayan minti 15 zuwa 20 ko ba su ce suna jin ƙishirwa ba. Yaron da ya ce kansa na ciwo, ko jiri na ɗibarsa, ko ya fara amai, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan bai dawo daidai ba ko ya fara ruɗewa, a garzaya da shi asibiti. A hunturu a yayyafa wa fili ruwa don ƙura ta kwanta, a kula da masu ciwon asma. A watan azumi a rage horo ko a dakata. Kowa ya sa takalmin da ke kama ƙafa, kuma kowane mai raket ya bar tazarar da ba zai bugi na kusa da shi ba.

Kada horo ya ci lokacin Islamiyya ko aikin gona. Alhamis da Juma'a, da yawancin makarantun allo da Islamiyya ke hutu, sun fi dacewa. Kafin ka ɗauki yaro, ka je gidansu da kanka. Ka durƙusa ka gaida mahaifinsa, ka ce, "Baba, na zo neman izini ne. Ga wurin da za mu yi, ga ranakun, ga lokacin tashi. Duk ranar da ka ga dama ka zo ka gani." Kada koci ya keɓe da yaro ɗaya, kullum a fili, a idon jama'a, tare da wani babba.

'Yan mata ma suna da rabo a wannan wasa. Babu wata dabarar bugu da ke buƙatar gajerun kaya. Dogon wando da riga mai yalwa da ƙaramin hijabi sun wadatar. A ware musu lokacinsu a cikin harabar makaranta, ƙarƙashin malama mace. Ons Jabeur 'yar Tunisiya, wadda mahaifiyarta ta fara kai ta fili tana shekara 3, ta kai wasan ƙarshe a Wimbledon a 2022 da 2023. Malamar da ta karanta wannan darasi za ta iya zama wadda ta fara miƙa wa wata yarinya raket.

Taƙaitawa

Mun ga cewa ana rage fili da ƙwallo da raket domin wasa ya zo daidai jikin yaro, kuma daɓe da igiya da faifan katako da bango sun isa a fara. Mun bi matakai shida, daga cafe ƙwallo zuwa ƙirga maki, mun kuma ga cewa yaro da bugu yake koyo, don haka ba a barinsa tsaye a layi. Yawancin yaran da za ka horar ba za su zama 'yan gasa ba. Za su sami lafiyar jiki da haƙuri da gaskiya a kan maki, kuma wannan riba ce cikakkiya. Wanda ya nuna hazaƙa kuwa, ka nemi hanyar haɗa shi da masu horarwa na jiha. Idan lokacin gasar Dala ya zo, ku yi karo-karon kuɗin mota, ka ɗebi yaranka ta hanyar Wudil su je su ga manya suna wasa a babban fili. Maƙeran Gaya sun taɓa bin hanyar Dala da kayan aikinsu a ka. Yaron da ya fara da faifan da kafintan garinsu ya yanka masa zai iya bin ta shi ma.

Muhimman kalmomi

Raket: abin buga ƙwallon tanis.
Sabis: bugun buɗe wasa.
Bugun tafi: bugun da tafin hannu ke duban raga.
Bugun baya: bugun da bayan hannu ke duban raga.
Tarba: bugun ƙwallo kafin ta dira.
Ba-ni-in-ba-ka: musayar ƙwallo ba yankewa.
Turmi: jimlar gem 6 da ratar 2.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙwallon manya ba ta dace da ɗan shekara 7 ba?
2. Kawo matakai uku na koyo, da tsawon filin kowanne.
3. Yaya ake gwada tsohuwar ƙwallo a gane matakin da ta dace da shi?
4. Bambanta riƙon musabaha da riƙon guduma. Wane bugu ake yi da kowanne?
5. Idan yara 15 suna layi, kowanne yana cin daƙiƙa 10, bugu nawa yaro ɗaya zai yi a minti 30?
6. Waɗanne alamu ne ke nuna zafi ya yi wa yaro yawa, kuma me za ka yi?

Aikin gida

Ku kasu rukuni-rukuni na mutum huɗu. Kowane rukuni ya nemo wuri a unguwarsu da zai ɗauki filin matakin ja, ya auna shi da igiya, ya rubuta jerin kayan da ake buƙata da farashinsu a kasuwar garinku. Ku tambayi wata dattijuwa yadda ake daɓe, ku rubuta bayaninta cikin jimloli 10. A zama na gaba kowane rukuni zai koya wa sauran ɗalibai bugu ɗaya cikin minti 5, da kalmomin da ba su wuce huɗu ba.